Ƙullin da ke Jikin Sitiyari

A Daura, in ka kama hanyar Kongolam ka wuce gidan mai na ƙarshe, akwai wani kango mai doguwar katanga a hannun hagu. Da can gidan giya ne. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a mai shi ya kwashe kujerunsa ya bar gari, wurin ya koma makwancin awaki, har Suhaibu ya same shi ya zuba tsofaffin motocinsa a ciki.

Sana'ar Suhaibu tuƙi ce. Shi ke ɗauko motocin Beljiyam daga bakin iyaka ya kai wa dillalai Kano, ya dawo a motar haya. Amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi da tara gawar mota, kuma ba kowace mota ba, sai 'yan Japan na da, masu ƙofa biyu, waɗanda aka ƙera don gudu ba don ɗaukar buhu ba. Yana da Celica biyu, ɗaya na tashi, ɗaya kaji na ƙwai a cikinta, da wata Mazda da ya jawo daga Zango wadda ba ta da ko gilashi ɗaya. 'Yan unguwa suka naɗa shi Sarkin Gwangwan, shi kuma yana amsawa.

Abin ya samo asali ne daga wata mujalla da ya tsinta a but ɗin wata mota da ya ɗauko. Rubutun Japan ne, ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba, amma hotunan sun zauna masa a rai. A shafin tsakiya akwai Datsun 240Z ruwan goro, an ɗauki cikinta ta taga: ƙananan agogo uku a jere, gajeruwar giya, da sitiyari mai launin itace yana ƙyalli kamar an shafe shi da man shanu. Ya cire shafin ya manna a bangon ɗakin da a da ake jibge kwalabe. Shekara huɗu yana kallon hoton nan kowace safiya, bai taɓa ganin motar da idonsa ba.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen damina, Alhaji Audi na garin Babban Mutum ya aiko a kira shi.

Alhaji Audi aminin mahaifin Suhaibu ne, tare suka yi fataucin shanu kafin mahaifin ya rasu. Suhaibu ya san shi tun yana ƙarami, lokacin da Alhajin ke zuwa gidansu da goro da kilishi, amma bai taɓa zuwa gidan tsohon ba. Ya tarar da shi zaune a zaure kan buzu, idanunsa a buɗe amma ba sa kallon kowa. Ciwon suga ya ɗauke masa gani shekara uku da suka wuce. 'Yar autarsa Zaituna ce ke kula da shi.

"An ce kai ne mai ta da matattu a Daura," in ji tsohon bayan sun gaisa.

"Baba, Allah ke ta da matattu. Ni tsatsa kawai nake kankarewa."

"To, kankarewar ma ta isa. Auta, kai shi ya ga Mai Dogon Hanci."

Zaituna ta ja shi bayan gida, ƙarƙashin wata rumfar kara. Ta ɗaga tsohuwar tabarma, ta ture buhunan taki biyu. Suhaibu ya ga dogon bonat, ya ga fitilu da suka nutse cikin kwarminsu, ya ga bayan da ya gangara kamar bayan zomo ya yi shirin tsalle. Fentin ya koɗe, tayoyin sun kwanta, gara ta yi gini a jikin salansar hayaƙi. Amma ita ce. Ya tsaya riƙe da baki har Zaituna ta yi dariya.

Tsohon ya biyo su yana dogara sanda. Ya ba shi labarin yadda ya saye ta hannun wani Bature injiniyan hanya da zai koma gida, da yadda mutanen gari suka yi ta masa tsiya.

"Mota mai kujera biyu, a garin da kowa ke jiran a rage masa hanya! Har cewa suka yi don rowa na saye ta. Ai kuwa ba su yi ƙarya ba. Ni da mai ɗakina, shi ke nan ta cika."

Ya laluba ya buɗe ƙofar direba, ya miƙa hannu ya dafa sitiyari. Sai a lokacin Suhaibu ya lura da shi. Ba itace mai ƙyalli ba ne kamar na hoto. An lulluɓe shi da fata, wadda da alama ja ce a da, amma gumi da shekaru sun mai da ita baƙa ƙirin. Ta tsattsage, ɗinkin kuma a karkace yake.

"Ka saurare ni, ɗan nan. Ka tafi da ita, ka kwance ta duk. Inji, fenti, kujeru, ka yi yadda ka ga dama, ba zan tambaye ka ba. So nake sau ɗaya in sake riƙe sitiyarin nan tana tafiya, ko a filin Idi ne, kana gefe kana yi mini ido. Abu ɗaya tak: fatar nan kada ka taɓa ta."

"In sha Allahu, Baba."

"Ba in sha Allahun makanikai nake so ba."

"Wallahi ba zan taɓa ba, Baba."

Da Zaituna ta rako shi ƙofar gida ta ƙara masa bayani. Mahaifiyarta Hadijatu 'yar gidan dukawa ce, ta ɗan koyi ɗinkin fata a gaban ubanta tana yarinya. Ita ta ɗinka fatar da hannunta. Tun ranar da aka kai ta makwancinta, shekara goma sha biyu ke nan, Baba bai sake ta da motar ba. Amma kusan kullum da hantsi yakan lallaɓa rumfar ya shiga ya zauna, hannunsa a kan sitiyari.

Wata bakwai Suhaibu ya yi a kan motar. In ya kai mota Kano sai ya biya kasuwar kayan gyara ya yi ta tonon tarkace. Fistin ya samo su a Damagaram, gilashin fitila guda a Maraɗi, wajen wani tsoho da ke amfani da shi yana rufe tulu. Kafiretocin nan biyu ya kwance su ƙusa-ƙusa ya wanke da fetur da buroshin haƙori. Mai fenti ya haɗa ruwan goro sau huɗu, Suhaibu yana kara shafin mujalla a jikin ƙofa yana cewa bai yi ba, har mutumin ya rantse ba zai ƙara yi masa aiki ba. Ran da injin ya tashi, awakin maƙwabta suka watse, Suhaibu ya zauna a ƙasa yana dariya shi kaɗai.

Da bazara ta kama, motar ta zama ta cikin hoto. Komai ya zama na cikin hoto, ban da abu ɗaya.

Da farko tsumma yake rufa wa sitiyarin in zai kalli cikin motar. Daga baya tsumman ma ya fara ba shi haushi. Yakan tsaya tsakanin motar da bangon, ya dubi hoto, ya dubi baƙar fatar nan mai maiƙo, ya ji kamar ya saka sabuwar riga da tsohuwar hula mai datti. Tambaya ɗaya ta riƙa cin sa: shin itacen na nan lafiya a ƙarƙashi, ko ya ruɓe?

Wata Alhamis da hantsi ya shiga motar da reza a hannu. Ya gaya wa kansa leƙawa kawai zai yi. Ɗinki ɗaya zai yanke, ta ƙasa, inda ba wanda zai sani, ya ɗaga gefe ya gani, ya mayar. Ya yanke ɗinkin. Tsohon zaren ya saki, ya ja na kusa da shi, wancan ma ya ja na gaba, busasshiyar fatar ta dare da wani ɗan sauti kamar an yaga takarda. Ta wajen yagewar itace ya leƙo, ja-ja, sumul, ko kwarzane babu.

Nan ne ya kamata ya tsaya, kuma ya san haka. Amma hannunsa ya ci gaba. Ya bi da'irar da reza har ya zagayo, fatar ta zubo masa a cinya gida huɗu.

Gaskiyar da bai taɓa gaya wa kowa ba ita ce, ya ji daɗi. Ya goge itacen da gefen rigarsa, rana ta faɗo ta gilashi ta haska shi, ya zama daidai da na bango, har ya fi. Fatar ce ta tsare shi shekara talatin daga rana da ƙura. Ya riƙe shi, ya juya dama, ya juya hagu, yana murmushi, tsawon lokacin da mutum zai shanye kofin shayi. Sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ga abin da ke cinyarsa.

Ya ɗauki guntayen ya yi ta ƙoƙarin mayar da su. Sun ƙanƙance, bakinsu ya ƙi haɗuwa, inda ya ja da ƙarfi sai ya ƙara yagewa. A jikin guntu ɗaya akwai wani ƙulli babba, mai tauri kamar ƙwayar wake, inda mai ɗinkin ta ƙarasa aikinta ta ɗaure. Ya zuba su duka a wani gwangwanin madara ya rufe, ya tura ƙarƙashin kujera.

Ranar bai ci abincin rana ba. Kwana uku bai shiga kangon ba. In ya je tasha ya hango direbobin Baure da Babban Mutum sai ya bi ta bayan rumfunan masu shayi, don kada wani ya ce Alhaji Audi na gaishe shi. A sallah ma, in ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai ya ji kamar ƙanshin tsohuwar fatar na tafinsa. Rana ta huɗu saƙo ya same shi duk da haka: Zaituna ta ce Baba ya ji labarin mota ta tashi, kwana goma masu zuwa yana jiran su.

Sai ya kwance sitiyarin daga jikin motar, ya sa a buhu tare da gwangwanin, ya nufi kasuwa wajen Mati baduku.

Mati tsoho ne gajere mai bakin tsiya, yana zaune tsakanin kuben wuƙaƙe da takalma. Ya zazzage guntayen a tabarma, ya juya su da basilla.

"Sarkin Gwangwan, yau kuma gawar fata ka kawo? Wa ya yi wa akuya wannan wulaƙanci bayan ta mutu?"

"Baba Mati, so nake ka yi mini irinta sak. Yadda ko mai ita ba zai gane ba."

"Irinta? Kana so in karkata ɗinki da gangan?" Ya ɗaga guntun mai ƙulli ya kai kusa da ido. "Wannan aikin 'yar gida ne. Ta ga ana yi, ba ta zauna ta koya ba. Fatar dai ta iya zaɓe, ba laifi. Amma dubi ƙulli, kamar kaska a kunnen kare!"

"Haka nake so. Har ƙullin."

"Mai motar ba shi da ido ne?"

Suhaibu ya ce, "Ba shi da shi."

Mati ya dube shi ta saman tabarau na ɗan lokaci. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce ya dawo jibi.

Da ya dawo ya tarar da aiki ya yi kyau har ya ba shi tsoro. Faɗin fatar ɗaya, tazarar ɗinkin ɗaya, har karkacewar Mati ya kwaikwaya. Suhaibu ya bi da'irar da yatsa, ya zagayo, ya sake zagayowa.

"Ina ƙullin?"

"Yana ciki, inda ake ɓoye ƙulli. Karkata na karkata maka, na haɗiye. Amma shekara arba'in ina ɗinki, ba zan fitar da aiki daga rumfar nan da ƙari a jiki ba, a ce Mati ne ya yi. Kuma kai da bakinka ka ce mutumin ba ya gani."

Da Suhaibu ya matsa, da Mati ya ƙara masa ƙullin, don aikin minti biyar ne. Amma kunya ta hana shi tsayawa a gaban tsohon da ya riga ya gane abin da ake ciki. Ya ɗauki buhunsa ya tafi.

Kwana takwas ɗin da suka rage ya yi su yana tsufar da sabuwar fata. Ya shafa mata man gyaɗa da toka, ya goga baƙin mai, ya shanya ta a rana a kan katanga, ya zauna yana murza ta da tafin hannu har hannun ya yi kanta. Wahalar da ya sha wajen mai da fatar tsohuwa ta fi wadda ya sha wajen mai da motar sabuwa.

Ranar da aka sa, ya isa Babban Mutum da sassafe. Kafin ya kashe injin mutane sun cika ƙofar gidan, tsofaffi na cewa Mai Dogon Hanci ta dawo duniya. Zaituna ta fito da mahaifinta cikin farar riga da ya daɗe bai sa ba. Ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru, ya karkata kai yana sauraron injin.

"Shida," in ji shi. "Duk silinda shidan suna aiki. Kai, ɗan nan, ko a hannun Baturen ba ta yi wannan murya ba."

Ya shafa bonat tun daga hanci har gilashi, yana ta sa albarka, har da marigayi mahaifin Suhaibu. Kowace albarka sai ta sauka a kan Suhaibu kamar mari. Zaituna ta so ta bi su, tsohon ya ce, "Ina za ki zauna, Auta? Kin manta motar marowata ce?" Aka yi dariya.

Suhaibu ya ja su zuwa filin Idi a bayan gari. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba kowa sai wasu tumaki can nesa ƙarƙashin gawo. Ya tsaya, ya zagaya ya kama hannun tsohon ya zaunar da shi a kujerar direba, ya dawo ɗaya gefen. Alhaji Audi ya yi bisimilla. Ƙafarsa ta sami kuloci ba lalube, hannun damansa ya faɗa kan giya kamar jiya ya sake ta. Sa'an nan ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari.

"Fatar ta yi laushi."

"Mai na shafa mata, Baba."

Maganar ta fita da sauƙi, har shi kansa ya yi mamaki.

"Madalla. To, yi mini ido."

Motar ta ɗaga a hankali. "Miƙe, Baba. Haka. Ɗan dama kaɗan." Tsohon ya sa giya ta biyu, iska ta shigo ta taga ta kaɗa masa gemu, ya saki wata dariya irin ta yara. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Suhaibu ya ga babban yatsansa na hagu yana tafiya a jikin fatar, ya hau sama, ya sauko, ya koma. Motar ta fara karkata.

"Hagu, Baba. Hagu kaɗan. A'a, ya yi yawa."

Yatsan bai daina nema ba. Tsohon ya saki totur, motar ta yi gyatsa ta mutu a tsakiyar fili. Ya bi da'irar duka da hannun hagu, ya bi da na dama. Ya goge yatsan a rigarsa ya sake gwadawa. Sai ya kai shi baki ya cije, ya mintsine shi da farce, ya sake ɗora shi a wurin.

"Akwai ƙulli a nan," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana. "Nan daidai. In yana ƙarƙashin yatsana, na san taya a miƙe take. Da shi na yi niyyar tuƙi yau. Wata bakwai da suka wuce ina jin sa."

Suhaibu ya kau da kai ya dubi taga.

"Likita ya gaya mini. Ya ce ciwon nan in ya gama da ido sai ƙafa, in ya gama da ƙafa sai yatsu. Ƙafafun sun daɗe da tafiya, ko ƙaya na taka sai Auta ta ga jini. Ashe yatsun ma sun kama hanya." Ya buɗe tafukansa a gabansa kamar mai iya ganin su. "Da su nake jan carbi. Da su nake gane fuskar jikokina. To, Allah ya sa haka ya fi alheri."

Ya juyo da fuskarsa wajen Suhaibu.

"Ɗan nan, kada ka gaya wa Auta. Abin da ke kanta ya ishe ta. Ka riƙe mini wannan tsakanina da kai."

Ƙofa ce a buɗe. Suhaibu ya gan ta sarai. In ya ce to, shi ke nan: ya mai da tsohon gida, a yi masa godiya, gari ya yabe shi, ba mai sani har abada sai Mati, Mati kuwa ba zai faɗa ba. Tsohon zai koma zaurensa ya zauna yana taɓa abubuwa ɗaya bayan ɗaya, yana jiran ranar da zai taɓa kan jikansa ya ji ba komai.

Suhaibu ya sunkuya ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera. Gwangwanin na nan inda ya mayar da shi ran da ya dawo daga kasuwa. Murfin ya ƙi buɗuwa, sai da ya sa haƙori. Ya zaro guntun, ya kama hannun hagun tsohon, ya ɗora masa a tafi.

Yatsan bai yi lalube ba. Kai tsaye ya faɗa kan ƙullin ya tsaya.

"Yatsunka lafiya lau suke, Baba. Ni ne. Na yanke ta da reza, ina so in ga itacen. Wannan da ke jiki sabuwa ce, na kai aka ɗinka a Daura, na shafa mata toka don kada ka gane. Kuma yanzu da ka tambaye ni na yi maka ƙarya."

Tumakin can suka yi kuka. Injin da ya mutu yana ɗan ƙas-ƙas yana hucewa. Tsohon ya daɗe yana murza ƙullin.

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya ja dogon numfashi. Suhaibu ya san ba da shi ake ba.

Can tsohon ya ce, "Sauran fa?"

Suhaibu ya zuba masa sauran guntaye uku a cinya. Tsohon ya bi su ɗaya-ɗaya, yana jin inda reza ta bi.

"Ka rantse mini."

"Na rantse, Baba."

"Ya yi kyau?"

"Na'am?"

"Itacen da ka so gani. Ya yi kyau?"

Suhaibu ya so ya ce a'a, amma ƙarya ta ishe shi haka. "Ya yi kyau, Baba."

"Na sani. Ai na riga ka ganin sa. Kwana arba'in na tuƙa shi tsirara ina taƙama. Ni kuwa mai gumin hannu ne. Wata rana da bazara irin wannan, muna dawowa daga Baure, ya zame mini a kwana, saura kaɗan mu faɗa rami, mai ɗakina tana zaune nan inda kake. Ba ta yi ihu ba, ba ta ce komai ba. Da muka iso gida ta tsinke zare daga bakin zanenta ta auna shi. Kwana tara ta yi tana ɗinki, basilla ta huda ta ya fi sau goma. Na yi mata tsiyar ƙullin, ta ce in bar shi, zai yi mini amfani."

Ya tattara guntayen ya zuba a aljihun gaban rigarsa, ya dafe aljihun.

"Rezar na nan?"

Tana nan, a cikin akwatin dashbod.

"Cire mini wannan ta ƙaryar."

Suhaibu ya sunkuya ta gabansa ya yanke ɗinkin Mati. Wannan karon sai da ya sa ƙarfi, don aikin gwani ne, ba ya saki da kansa. Ya zare fatar ya jefa bayan kujera. Tsohon ya ɗora tafinsa a kan itacen sau ɗaya, ya ɗauke.

"Baba, ka ƙarasa tuƙin. Zan riƙe maka gefe."

"Kai ni gida."

A hanya Suhaibu ya buɗe baki sau biyu zai nemi gafara, ya ga hannun tsohon na kan aljihu, ya fasa. Da suka isa mutane sun watse, sai Zaituna a bakin zaure da kwanon fura. Ta zo ta buɗe wa mahaifinta ƙofa tana murmushi, idonta ya sauka a kan sitiyarin. Murmushin ya tafi. Ta dubi Suhaibu, shi kuwa ya dubi ƙasa.

"Baba, in shigar da ita rumfa?" ya tambaya.

"A'a. Rumfar taki za a zuba. Ka tafi da ita."

"Baba, don Allah..."

"Ba kyauta na yi maka ba, kada ka gode mini. Ba ni da abin da zan shiga in yi a cikinta ne." Ya dafa kafaɗar 'yarsa, ya taka mataki biyu, ya tsaya ba tare da ya juyo ba. "Da ka yi shiru ɗazu, da na mutu ina sa maka albarka. Na san wannan. Ka bar ni tukuna, ɗan nan. Ka gai da mutan gida."

Suka shige. Zaituna ta koma da furarta.

Rana ta take tsaka lokacin da ya hau kwalta. Motar da ya yi shekara huɗu yana kallo a bango ga ta a hannunsa, ruwan goro, silinda shida, ba abin da ya rage mata. Hanya a buɗe, ba kowa. Bai wuce gonakin bayan gari ba tafukansa suka jiƙe. Itacen ya ɗauki zafi, ya yi santsi, a kwanar farko ya ji ya ɗan zame masa. Ya goge hannun dama a wando, ya goge na hagu, kafin ya kai kwana ta gaba sun sake jiƙewa.

Ya sauko giya ta biyu ya koma gefen hanya. Wata tsohuwar a-kori-kura shaƙe da buhunan gero ta taho daga baya tana hon, ta wuce shi tana hayaƙi. Direban ya leƙo ta taga ya ɗaga masa hannu.

"Malam, wannan dogon hancin duk na ado ne? Taka ta mana!"

Suhaibu bai taka ba. Haka ya tafi har Daura, yana goge hannu a wando.